Randar Goggo da Tukunyar Ladi Kwali

Duk wanda muka yi zaman aji ɗaya da shi, ba sai na gabatar masa da kaina ba. Ni ne Tsingaro. Sunan ya samo asali tun ranar da muka shigo makaranta, sa'ad da kowa ya sauko daga mota da akwatin ƙarfe da bokiti, ni kuwa na sauko da akwati da wani ɗan tulu naɗe cikin tsumma, wanda Goggo, yayar mahaifina, ta gina mini da hannunta a Damri, ta ce in riƙa shan ruwan sanyi kada zafin makaranta ya kwantar da ni. Tulun bai kwana uku ba wani babban ɗalibi ya yi tuntuɓe da shi a bakin ɗakin kwana. Tulu ya tafi, suna ya zauna. Yau shekara hamsin ke nan ko kusa da haka, amma har yanzu akwai malamanmu da ba su san sunana na yanka ba.

Da Malam Edita ya matsa mini in rubuto wani abu na tarihi domin wannan fitowa, sai na ga ai gara in biya bashin sunan nan, in ba 'yan uwa labarin ginin tukwane, da yadda aka yi ƙoƙarin ceto shi daga bakin zamani har sau biyu a ƙasarmu ta Arewa, ta hanyoyi biyu da ba su yi kama da juna ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Goggo ba ta taɓa laka sai kaka ta wuce, an kai amfanin gona rumbu. Sa'an nan za a tura mu fadama da jaki mu haƙo yumɓu, a jiƙa shi ya kwana biyu, a daka tsofaffin tsingaro a tankaɗe a zuba, a ƙara ƙaiƙayi, a yi ta kirɓawa da ƙafa har ya daina kama tafin ƙafa. Ba ta da inji, ba ta da ma'auni. Sai ta kife wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka, ta shimfiɗa laka a kanta tana bubbugawa har gindin sabuwar randa ya fito. In ya sha iska ya yi ƙwari, sai ta ɗaga ta juya shi, ta riƙa murza laka kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaya randar da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har ta kai wuya. Bayan ta bushe a inuwa a shafa mata jar ƙasa, a goge da dutse mai santsi har ta ɗauki ƙyalli.

Ranar toyi kuwa ranar fargaba ce. Da la'asar sakaliya ake jera tukwane a bayan gari, manya a ƙasa ƙanana a bisa, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu da ciyawa, a cinna wuta. Duk ƙarar da aka ji daga cikin wutar nan, an san aikin mako guda ya tafi. Da safe Goggo za ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Wadda ta yi ƙara garau ta kasuwar Talata ce, watau Talatar Mafara. Wadda ta yi ƙara a dakushe a bar wa kaji su sha ruwa. Da kuɗin randa da tulu da kasko da tanda da asusu aka saya mini akwatin ƙarfen nan da na zo da shi makaranta, amma duk da haka, Allah Ya yafe mini, na shekara biyu ina ce wa abokai a kasuwa aka sayo tulun.

Abin da ya sa kunya ta kama ni kowa ya sani. A ƙasar Hausa ginin tukwane ba sana'ar da ake tinƙaho da ita ba ce. Kowa na shan ruwan randa, amma ba kowa ke son a ce shi ɗan magina tukwane ba ne. Ga shi kuwa sana'ar ta girmi duk wata sarauta da muka sani. Gumakan yumɓu na Nok, a kudancin jihar Kaduna, sun haura shekara dubu biyu, kuma an tono masu kama da su a ƙasashen Sakkwato da Katsina, har ta kai ga ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta yi gargaɗi kan fataucinsu a shekarar 2000, saboda yawan sace su da ake yi ana kaiwa Turai.

Wanda ya cire mini kunyar nan malaminmu na zane ne, Allah Ya jiƙansa. Wata rana a 1977 ya shigo aji da jarida a hannu, ya nuna mana hoton wata dattijuwa cikin rigar digiri, ya ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, alhali kuwa ba ta taɓa zama a aji ba, tukwane take ginawa. Sa'an nan ya juyo ya dube ni ya ce, "Tsingaro, tashi tsaye, yau ranarku ce." Aji ya fashe da dariya. Wannan ita ce ranar da na fara jin sunan Ladi Kwali, kuma tun daga ranar nake bin labarinta.

Labarin ya faro ne daga wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew, wanda aka haifa a 1901. Shi kansa maginin tukwane ne, ya koyi sana'ar a hannun Bernard Leach, ya kuma yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu tun daga 1942. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi a matsayin jami'in kula da harkar tukwane a Nijeriya, ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da magina. Abin da ya ba ni sha'awa game da mutumin nan shi ne, bai zo da raini ba. Ya ga cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikinsu sarai, suna jure wutar murhu, suna sanyaya ruwa, ga araha, don haka babu abin da za a gyara musu. Abin da ya ba da shawara a yi shi ne a kafa wata sabuwar sana'a a gefensu, ta yin kofuna da farantai da butocin shayi masu ƙyalli irin na tangaran, domin ma'aikata da 'yan boko da ke tasowa, maimakon a yi ta shigo da su daga waje.

Wurin da ya zaɓa shi ne Abuja. Ga yaran yanzu sai an yi bayani: ba babban birnin tarayya ake nufi ba, tsohuwar Abuja ake nufi, garin da sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi, wanda ya bar wa sabon birni sunansa bayan 1976 ya koma Suleja. Akwai yumɓu mai kyau, akwai itace, akwai ruwa, ga kuma Sarki Sulaimanu Barau wanda ya ba da goyon baya, mutum ne kuma mai son tukwane har yana tara su a gidansa. Aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a 1952, ɗaliban farko duk maza.

A gidan Sarkin ne Cardew ya ga waɗansu manyan tukwanen ruwa da suka tsayar da shi. An zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsaye, a tsare, ba hayaniya. Ya tambayi mai ginin, aka ce wata Bagwariya ce daga Kwali, ana ce mata Ladi. An haife ta wajen 1925, ta koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar uwar iyayenta, kamar dai yadda 'yan matan gidanmu suka koya a hannun Goggo. A ƙarshen 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko, daga baya wasu suka biyo ta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa.

To, a nan ne gargajiya da zamani suka haɗu a jikin tukunya ɗaya. Ladi ta koyi aiki da faifan juyi, tana yin kwanoni da kofuna kamar kowa. Amma manyan tukwanen ruwa ba ta bar gina su da hannu ba, tana zagaya su yadda ta gada. Abin da ya sake shi ne laka da wuta. Aka ba ta yumɓu na musamman mai jure zafi. In ta gama zane, sai a cike layukan da farar ƙasa, a shafe tukunyar da ruwan ƙyalli, a sa ta cikin tanderu a gasa da zafin da ya wuce digiri 1,200. Wutar karan Goggo kuwa tsakanin digiri 600 ne zuwa 900. Abin da ke fitowa daga tanderun nan abu ne mai ƙarfi kamar dutse, mai sheƙi, zanen kunama da kada na leƙowa ta ƙarƙashin ƙyallin kamar kifi a ruwa mai garau.

Duniya ta yi na'am. An baje kolin tukwanen Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ladi ta tafi Ingila ta gina tukunya a gaban malamai da ɗalibai, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE, Zariya ta ba ta dakta a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980, da OON a 1981. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984, shekara guda bayan rasuwar Cardew, wanda ya bar Abuja tun 1965 ya miƙa wa Michael O'Brien. Duk wanda ya juya takardar naira ashirin da aka fitar a 2007, ya ga Janar Murtala a gaba, to matar nan da ke sunkuye kan tukunya a baya ita ce.

Ni ban ga tukunyarta ido da ido ba sai bayan rasuwarta, a falon wani babban ma'aikaci a Kaduna, inda aiki ya kai ni. An ɗora ta kan teburi a kusurwa, an soka mata furen roba a baki. Na nemi izini na ɗan ɗaga ta, sai na ji nauyi kamar na ɗauki turmi. Wallahi ban taɓa ganin tukunya mai kyanta ba. Da na koma gida hutu, na zauna ina ba Goggo labari, ina ƙara gishiri, ina cewa ga inda sana'arku ta kai, har Sarauniya ta san da ku. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, ruwa na sanyi cikinta?"

Na yi shiru, domin na san amsa, mun karanta a ajin kimiyya. Randa na sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. In aka gasa laka ta zama dutse, aka kuma shafe ta da ƙyalli, an toshe ƙofofin ke nan. Na ce, "A'a Goggo, ba ya sanyi." Ta ce, "Ana ɗaukar ta a kai a tafi rijiya?" Na ce, "Ta yi nauyi." Ta ce, "To ai wannan ba randa ba ce, hoton randa ne." Ta ci gaba da murza lakarta.

Na daɗe ina juya maganar nan. Goggo ba ta yi wa Ladi adalci duka ba, domin Ladi ta iya gina randa mai sanyi tun kafin Bature ya san da ita, kuma abin da ta yi a Abuja ba ƙarami ba ne. Ta ɗaga darajar sana'ar da ake rainawa, ta sa an rubuta sunan mace maginiya a littattafan duniya, inda dā sai dai a ce "tukunyar Gwari" ba suna. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da ta shahara a wannan fanni, ta zo Abuja a 1974 ta koya a wurinta. Daga zuriyar cibiyar aka sami wuraren ginin tukwane na zamani a Minna da Bwari da Maraba kusa da Kaduna. Amma akwai gaskiya a bakin tsohuwa. Ma'aikatan da Cardew ya yi nufin sayar wa kofuna ba su saya ba sosai, kwanon sha da tangaran na kanti sun fi araha. Mafi yawan masu sayen kayan Abuja Turawa ne da manyan mutane. Siffar tukunya ta tsira, ta shiga gidajen tarihi, amma aikinta ya tsaya a ƙofar tanderu. Kuma daga duk wannan ɗaukaka, ko kwabo bai ƙaru a kan kuɗin randa a kasuwar Talata ba.

Kasuwar ma ja da baya ta yi ta yi. Tukunyar ƙarfe ta kori ta ƙasa daga murhu, don ba ta fashewa. Jarka da bokitin roba suka kori tulu daga hanyar rijiya. Butar roba ta kori ta ƙasa daga ƙofar masallaci. Daga baya kula da ruwan leda suka zo suka sa randa a gaba. Ba na zargin kowa, ni ma matata ba ta girki da tukunyar ƙasa sai in za ta dafa magani. 'Yan matan da Goggo ta koya wa, ɗaya bayan ɗaya suka koma yin ƙuli-ƙuli da saƙar tabarma.

Hanya ta biyu ta fito ne daga inda ba a zata ba. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa a Dutse, kuma shi ma daga gidan magina tukwane ya fito, watau shi ma Tsingaro ne irina, sai dai shi bai ɓoye ba. Cikin shekarun 1990 ya lura da abin da duk mutumin karkara ya sani: manomi ya nomo kayan miya, babu wutar lantarki, babu firiji, dole ya sayar yau ko ya zubar jibi, kuma 'yan mata ake ɗora wa talla maimakon makaranta. Sai ya ɗauki randa babba, ya sa ƙarama a cikinta, ya cike tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin da ruwa, ya zuba kayan miya a ƙaramar, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Shi ke nan. Ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. A gwajin da ya yi, yalo da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku.

Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya, mutanen Masar da Indiya sun daɗe da sanin sanyin tukunya. Abin da ya yi shi ne ya tsara ta, ya sa magina na ƙauye suka gina da lakarsu da wutarsu, ya rarraba na farko da kuɗin aljihunsa, ya bi ƙauyuka yana nunawa. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000, mujallar Time ta sa abin cikin ƙirƙire-ƙirƙiren 2001, aka kuma ɗauki dabarar zuwa Darfur ta Sudan da wasu ƙasashe. Tana da iyaka, ba na ɓoyewa: da damina, in iska ta yi laima, sanyin na raguwa. Amma lokacin da muka fi bukatarta, watau rani da bazara, lokacin ne ta fi aiki.

Ku duba bambancin. A Abuja an riƙe siffa da zane, aka sake laka da wuta, sai tukunya ta koma kayan ado. A Jigawa ba a taɓa laka ba, ba a taɓa wuta ba, ƙofofin nan da ƙyalli ya toshe su ne ma jarin, sai aka ba randa sabon aiki. Na farko na bukatar tanderu da ɗan kasuwa a Landan. Na biyu Goggo za ta iya gina shi ba tare da ta koyi komai sabo ba, sai dai ta auna ƙaramar ta shige babbar da tazarar yatsu uku. Ban samu na gaya mata ba, ta riga ta rasu. Na tabbata da ta ji, tambayar nan tata za ta maimaita, ni kuma a wannan karo da na sami bakin amsawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, babu inda ya fi ƙasarmu bukatar wannan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya zama abincin mutanen Mafara da Bakura da Maradun. Duk wanda ya bi hanyar nan lokacin da tumatir ya faɗo ya ga kwanduna jere a bakin titi cikin rana, mai kaya na roƙon a saya ko nawa ne kafin magariba. Ga yumɓu a fadama, ga yashi a gulbi, ga mata da hannunsu ya san laka, amma ba mu haɗa ukun ba. Yanzu kuma ga wata musibar. A watan Mayu 2022 'yan bindiga suka afka wa Damri da ƙauyukan da ke kewaye suka kashe mutane da dama, Allah Ya jiƙansu. Zuwa fadama haƙar yumɓu ya zama abin da sai an yi shawara, toyi a bayan gari da la'asar kuwa wa zai yarda ya tada hayaƙin da za a hango daga daji? Cikin waɗanda Goggo ta koya wa, biyu na sani da suka rage suna taɓa laka, dukansu sun manyanta, ɗaya ma ta koma Mafara wurin ɗanta.

Saboda haka ne na kai wa kwamitin ƙungiyarmu wata shawara a taron da ya wuce, ina kuma maimaita ta a nan don waɗanda ba su halarta ba. Mu ba matan nan aikin randa ashirin domin ɗakunan kwanan ɗalibai, da randa cikin randa guda biyar domin ɗakin girki, mu roƙi malamin kimiyya ya sa yara su riƙa auna sanyinsu da ma'aunin zafi suna rubutawa, rani da damina. Na yi lissafi, kuɗin bai kai abin da muka kashe kan huluna da rigunan taron bara ba. Ma'aji ya ce zai duba. Ɗaukowa kuwa na ɗauki nauyi, da motata, zan shimfiɗa musu ciyawa da buhuna saboda hanya. Sharaɗina ɗaya ne, a gina wa kowace randa mazauni a kusurwa, nesa da bakin ƙofa, domin babban ɗalibin nan da ya fasa mini tulu yana cikin kwamiti, kuma an ce jikansa na aji biyu.